Koyon Ingilishi ta Hanyar Fina-finan Fatalwa da Aljanu: Ina Ribar, Ina Hatsarin?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam Ya bambanta harsunansu da launukansu, Ya sanya wannan bambanci ya zama aya ga ma'abota ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa iyaye maza da mata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu, daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Damagaram zuwa Garwa. Bayan sallar isha'i sai a ga yaro ya kafa wa salula ko talabijin ido, ana jin kururuwa da ƙarar ƙofofi suna fitowa daga ciki. In mahaifi ya leƙa ya ga fatalwa ce ko mayya ake nunawa ya tambaya, amsar ba ta wuce guda: “Baba, Ingilishi nake koyo.” A nan uba yakan rasa ta cewa. In ya hana, yana tsoron kada ya toshe wa ɗansa ƙofar ilimi. In ya ƙyale, yana tsoron abin da zai shiga zuciyar yaron ta kunnen da Ingilishin yake shiga. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba maganar yaron da idon adalci, mu ware gaskiyar da ke cikinta daga abin da yake fakewa ne kawai.

Buƙatar Ingilishi a yau

Babu mai musun cewa harshen Ingilishi ya zama abin nema ga 'ya'yanmu. Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ɗan kasuwar da ya wuce Kano ya nufi Ikko ko Akara ya san inda Hausa da Faransanci suke tsaya masa. Ɗalibanmu da yawa suna neman jami'o'in Nijeriya da Gana da Malesiya da Indiya, inda da Ingilishi ake karantarwa. 'Yan'uwanmu na Kamaru suna zaune ne a ƙasar da Faransanci da Ingilishi duka harsunan hukuma ne. A Nijar kuwa, Kundin Sake Gina Ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki.

Addininmu ma bai taɓa ƙyamar koyon harshen wasu ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa, kuma Zaidu ya ƙware cikin kimanin rabin wata. Saboda haka neman harshen ba abin zargi ba ne. Tambayar tana kan hanyar da aka bi.

Matsalar da ɗalibinmu yake fama da ita sananniya ce. Yakan fara Ingilishi a ajin farko na koleji, awoyi kaɗan a mako, cikin aji mai cunkoso, kuma mafi yawan abin da yake koyo da ido yake koyonsa, a kan allo da littafi. Sai ya yi shekara bakwai yana cin jarrabawa, amma ranar da ya ji Bature yana magana sai ya ga kamar wani harshe ne daban. Dalili kuwa shi ne, Faransanci yakan ba kowace gaɓa ta kalma haƙƙinta kusan daidai wa daida, shi kuwa Ingilishi yakan danna wasu gaɓoɓi ya haɗiye sauran. Abin da aka rubuta “going to” a baki yakan koma “gonna”, “want to” ya koma “wanna”. Littafi ba ya iya koyar da wannan. Sai kunne ya ji, ya sake ji, har ya saba.

Shin fim yana koyar da harshe?

Amsar ita ce e, kuma shaidar tana gabanmu. Wane ne a cikinmu bai san saurayi ko budurwa da ke jin Indiyanci ba, alhali ba su taɓa taka ƙasar Indiya ko shiga ajin Indiyanci ba? A gidan kallo da kaset suka same shi, saboda yawan ji da maimaitawa. Amma mu lura: waɗannan sun koya ne a zamanin da ake kallon fim da harshensa na asali. Tun da aka fara juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, aka kuma cika tashoshin tauraron ɗan'adam da fina-finan Amurka da na Nijeriya da aka ɗora wa muryar Faransanci, wannan riba ta tafi. Don haka abu na farko da uba zai duba shi ne: da wane harshe mutanen fim ɗin suke magana? In da Faransanci ne, maganar koyon Ingilishi ta faɗi tun daga tushe.

Masana harshe sun auna wannan al'amari. A shekarar 2009 Stuart Webb da Michael Rodgers sun tattara rubutattun maganganun fina-finai 318 na Amurka da Ingila, masu tsawon fiye da awa 600, suka ƙidaya kalmominsu. Sun gano cewa wanda ya san iyalan kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, tare da sunayen mutane da wurare, zai gane fiye da kashi 95 cikin 100 na kalmomin fim. Wanda ya san 6,000 kuwa zai kai kashi 98. Abin nufi da iyalin kalma shi ne kalma da 'ya'yanta, kamar yadda “karanta” da “karatu” da “makaranta” suke 'yan gida ɗaya a Hausa. Darasin da ke cikin wannan ƙidaya a fili yake. Mai kalmomi 3,000 kalma ɗaya ce cikin ashirin za ta ɓace masa, kuma hoto da yanayin magana za su taimake shi ya cinko ma'anarta. Amma yaron da bai wuce 'yan ɗaruruwan kalmomi ba, hoto kawai yake kallo, maganar tana wucewa ta kansa kamar iska. Fim yana ƙara wa mai jari ne. Ba ya ba da jarin farko.

A wannan shekara dai, Holger Mitterer da James McQueen sun yi wani gwaji a ƙasar Holan. Sun sa ɗalibai sun kalli fim na Ingilishi mai karin harshen da ba su saba da shi ba, na Sikotilan ko na Ostireliya. Wasu sun kalla da rubutun Ingilishi yana fitowa a ƙasan hoto, wasu da fassarar harshensu, wasu ba rubutu ko kaɗan. Daga baya aka sa su maimaita jimlolin da masu wannan karin harshe suka furta. Waɗanda suka kalla da rubutun Ingilishi su suka fi kowa, har a jimlolin da ba su ji a cikin fim ba. Masu fassarar harshensu kuwa, sai aka ga ta rage musu kaifin kunne wajen sababbin jimloli. Ke nan yaron da yake kallo da fassarar Faransanci a ƙasan hoto labari yake bi, karatun Faransanci yake yi, kunnensa yana barci.

Me ya sa fim ɗin fatalwa?

Dole mu yi wa yaranmu adalci a nan, domin irin waɗannan fina-finai suna da wasu siffofi da suke sauƙaƙa wa mai koyo. Maganarsu ba ta da yawa, jimlolinsu gajeru ne, kuma tsakanin magana da magana akan sami shiru mai tsawo da ke ba ƙwaƙwalwa damar tauna abin da ta ji. Tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa: wane ne nan, me kake so, ka ji wannan ƙarar, ina ka tafi. Ga shi kuma mai kallo ba ya gyangyaɗi, kuma abin da mutum ya ji zuciyarsa na bugawa ya fi zama a ransa.

Mu ɗauki misali da The Sixth Sense, wanda masu Faransanci suka sani da Sixième Sens. M. Night Shyamalan ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito a 1999, tsawonsa minti 107. Labarin wani yaro ne ɗan shekara tara mai suna Cole a birnin Filadelfiya ta Amurka, wanda yake ganin matattu suna yawo, da wani likitan halayyar yara da ke ƙoƙarin taimakonsa, wanda Bruce Willis ya fito a matsayinsa. Ta fuskar harshe, fim ne mai daɗin koyo. Babba ne yake magana da yaro, don haka a hankali yake yi, da kalmomi masu sauƙi. Wuraren da abin yake faruwa su ne gida da makaranta da asibiti da cikin mota, saboda haka kalmomin da ake ji na yau da kullum ne: uwa tana tambayar ɗanta yadda ya wuni a makaranta, malami yana tambaya a aji, likita yana bayani.

Sai dai akwai naƙasu ko ta fuskar harshen. Rabin maganar irin waɗannan fina-finai raɗa ce, sauran kuma kiɗa da ihu sun danne ta. Da yawa daga cikinsu cike suke da ashar da zagi, kuma yaro ba ya sanin nauyin kalmar da ya ɗauka sai ranar da ya furta ta a gaban babba. Kalmominsu na musamman kuma, irin su “haunt” da “curse” da “spell”, ba su cika amfani a jarrabawa ko kasuwa ko ofis ba. Fina-finan Harry Potter, da na farkonsu ya fito a 2001, suna koyar da karin harshen Ingila, amma kalmomin tsafin da yara suka fi haddacewa daga cikinsu ƙirƙirarru ne da aka kwaikwayo daga Latinanci, babu inda za a yi magana da su.

Jarin da ɗan Faransanci yake da shi

Akwai wani albishir ga 'ya'yanmu da suka yi lakwal. Tun da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a can tsawon ƙarnuka, har masana suna ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci suka fito. Yaron da ya san “esprit” da “fantôme” da “cimetière” da “mystère” zai gane “spirit” da “phantom” da “cemetery” da “mystery” da zarar ya gan su a rubuce. Aikinsa shi ne ya koyi yadda ake furta su, kuma nan ne rubutun Ingilishi na ƙasan hoto yake da amfani, domin yana haɗa masa kalmar da ido ya sani da sautin da kunne bai sani ba. Kalmomin da za su ba shi wuya su ne gajerun nan na asalin Ingilishi, kamar “ghost” da “witch” da “soul” da “fear” da “dark”.

Sai kuma ya yi hattara da kalmomi masu kama da juna a rubuce amma ma'ana daban. “Pain” burodi ne a Faransanci, a Ingilishi ciwo ne. “Chair” tsoka ce a Faransanci, a Ingilishi kujera. “Cave” ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a Faransanci, a Ingilishi kogon dutse. “Grave” da muka sani da ma'anar abu mai tsanani, a fim ɗin fatalwa kabari ake nufi. Hausarmu ma tana da gudummawarta: mun saba bambanta dogon wasali da gajere, kuma harafin “h” da ke wahalar da Faransawa ba ya wahalar da mu. Inda muke tuntuɓe shi ne bambanta “p” da “f”, da “b” da “v”, sai a sa wa kunne lura a nan.

Abin da ke shigowa tare da kalma

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙa. Kowace kalma tana ɗauke da tarihin mutanenta da abin da suka yi imani da shi, kuma mai koyo yakan haɗiye su tare bai sani ba.

Wasu kalmomin labarinsu mai daɗi ne. “Nightmare”, wato mugun mafarki, ƙarshenta tsohuwar kalma ce ta wani mugun iska da Turawan da suke zaton yana hawa ƙirjin mai barci. Ita ce kuma take ƙarshen “cauchemar” ta Faransanci, wadda farkonta yake nufin dannewa. Mu kuma muna cewa dannau. Al'umma uku, siffa ɗaya, kuma likitoci sun bayyana cewa abin yana faruwa ne idan hankali ya farka kafin gaɓoɓin jiki su saki daga barci. “Magic” ta samo asali ne daga sunan malaman addinin Farisa na da, waɗanda muka sani da Majusawa. “Ghoul” kuwa daga Larabci Ingilishi ya aro ta.

Wasu kuma sai an yi taka-tsantsan. Lokacin da Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci, aikin da aka buga tsakanin 1704 da 1717, ya zaɓi kalmar “génie” a madadin aljani, daga nan Ingilishi ya sami “genie”. A yau yaron da ya kalli Aladdin na kamfanin Disney, na 1992 ko na 2019, abin da zai ɗauka shi ne aljani bawa ne mai barkwanci da ke zaune cikin fitila yana biya wa mutum buƙata uku. Alhali abin da Alƙur'ani ya koya mana shi ne aljanu halitta ce ta gaskiya da aka yi daga wuta, an ɗora musu bauta kamar yadda aka ɗora mana, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, kuma Suratul Jinni, sura ta 72, ta zargi mutanen da ke neman tsari da su. In yaro ya rubuta a littafinsa cewa “genie” ita ce aljani ya tsaya nan, ya sami kalma ya kuma sami gurɓatacciyar fahimta.

Kalmar “ghost” ta fi wannan nauyi. Ginshiƙin fim ɗin The Sixth Sense, da mafi yawan irinsa, shi ne cewa mamacin da ya bar wani al'amari bai kammala ba, ko aka kashe shi da zalunci, ransa yana ci gaba da yawo a duniya har sai wani rayayye ya biya masa buƙata. Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, domin labaran fatalwa sun daɗe a ƙasar Hausa. Larabawan jahiliyya ma suna da irinsa: sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu da suke kira hama yana fita daga gare shi yana kuka a kan kabarinsa har sai an rama masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan imani a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'uminuna kuma sun nuna cewa mamaci yakan roƙi a komo da shi duniya a ƙi amsa masa, kuma barzahu ne tsakaninsa da komowa har ranar tashi. Ga shi kuma a cikin fim ɗin, yaron yakan fake a coci saboda tsoro, yana tara ƙananan gumaka yana neman kariya da su. Mutanen da suka shirya fim ɗin al'adarsu suka nuna, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne: wa zai gaya wa namu yaron cewa mafakarmu ita ce Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, in shi kaɗai yake kallo a cikin duhu?

Haka kalmomin “medium” da “psychic”, waɗanda fina-finai suke nuna masu su a matsayin bayin Allah masu baiwa da ke taimakon jama'a. Sunansu a wurinmu boka da ɗan duba, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Sihiri kuwa yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Yaro mai shekara goma sha shida da ya yi karatun tauhidi zai iya kallon wannan ya gane tatsuniya ce. Ƙaninsa mai shekara takwas da ke leƙe ta bayan kafaɗarsa ba zai iya ba.

Tsoro da shekarun yaro

Su kansu masu fina-finan sun san ba na kowa ba ne. A Amurka The Sixth Sense yana cikin rukunin da ake gargaɗin iyaye a kan 'yan ƙasa da shekara 13, a Ingila kuwa an taƙaita shi ga 'yan shekara 15 zuwa sama. A cikinsa akwai harbi da kisan kai, da gawawwaki a rataye, da yarinyar da aka kashe da guba. A wurinmu kuwa mai tura fina-finai a salula ba ya tambayar shekarun kowa.

A 1999 Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a kimanin 150 a Amurka game da fina-finan da suka taɓa firgita su. Kusan kashi 90 cikin 100 suna da irin wannan labari. Kimanin rabinsu sun ce abin ya taɓa musu barci ko cin abinci, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun ce har lokacin da ake tambayarsu tsoron bai sake su ba. Cantor ta kuma nuna cewa ƙananan yara mummunar siffa ce take firgita su, kuma faɗa musu cewa ƙarya ce ba ya cika kwantar musu da hankali, domin ba su gama rarrabe gaskiya da ƙage ba. Kalma goma ta Ingilishi ba ta kai darajar yaron da ya kasa fita alwalar asuba shi kaɗai ba.

Yadda za a ci ribar

Ga iyalan da suka ga ɗansu ya yi hankali, ya kuma yi nisa a Ingilishi, ga tsarin da muke ba da shawara.

Na farko, babba ya fara kallon fim ɗin, ko ya tambayi malamin Ingilishi da ya amince da addininsa. Duk fim ɗin da ke da tsiraici, ko yake ƙawata tsafi yana koyar da yadda ake yinsa, ko yake izgili da Allah da mala'ikunSa, a ajiye shi komai kyan Ingilishinsa.

Na biyu, a yi kallo da rana, a tsakar gida ko falo, ƙanana ba sa wurin, kuma kada ya ci lokacin salla ko na makarantar allo.

Na uku, kada a ɗauki fim gaba ɗaya a zama guda. A zaɓi wuri mai minti uku zuwa biyar inda mutum biyu suke zance. A kalle shi karo na farko ba rubutu, yaro ya faɗi abin da ya gane. Karo na biyu a kunna rubutun Ingilishi, a tsaya a duk inda kunne ya kasa. Karo na uku a kashe rubutun, ya riƙa bin mai magana yana maimaitawa da ƙarfi, kamar yadda almajiri yake bin malaminsa a kan allo har bakinsa ya faɗa.

Na huɗu, ya tanadi littafi na musamman. Kalma takwas ko goma sun isa a zama ɗaya, kuma ya rubuta kowace tare da jimlar da ta zo a ciki, da ma'anarta a Hausa da Faransanci. Ya koma kansu washegari, sa'an nan bayan mako guda, domin bincike ya nuna kalma takan buƙaci a haɗu da ita sau goma ko fiye kafin ta zauna sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, kuma shi ne rabon iyaye ko da ba su jin Ingilishi ko kalma ɗaya: bayan kallo a ce wa yaro ya ba da labarin da Hausa, sa'an nan a tambaye shi, “To, mu me addininmu ya ce a kan wannan?” Uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta san barzahu, ta san hukuncin boka, ta san addu'ar kwanciya barci. Da wannan tambaya guda za ta gane ko ɗanta ya fahimci abin da ya kalla, ta kuma gyara abin da ya karkace tun yana ɗanye. Wannan ita ce kuma hanyar gane mai koyo daga mai fakewa: mai koyo yana da littafi, yana iya nuna kalmomin da ya samu a wannan mako.

Ga wanda zuciyarsa ba ta natsu ba

Mun san cewa a cikin malamanmu akwai waɗanda suke ganin barin irin waɗannan fina-finai gaba ɗaya shi ne mafi tsira, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa. Wanda ya zaɓi bari bai yi asarar komai ba, domin tsarin da muka zana yana aiki da kowane fim mai magana a sarari. Akwai Lion of the Desert na 1981, wanda Mustafa Akkad ya shirya da Ingilishi a kan gwagwarmayar Umar Mukhtar da Italiyawa a Libiya, ga manyan yara. Akwai fina-finan bayani a kan dabbobi da tarihi da kimiyya, waɗanda masu sharhinsu suke magana a natse, kalmominsu kuma su ne ake tambaya a jarrabawa. Akwai darussan sauraro na BBC Learning English a intanet, da wa'azozin malaman Musulunci masu magana da Ingilishi, inda yaro zai koyi yadda zai bayyana addininsa ga wanda ba ya jin Hausa ko Larabci.

Ya ku 'yan'uwa, 'ya'ya amana ce, kuma kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya a kan abin kiwonsa. Yaron da ya ce Ingilishi yake koyo a fim ɗin fatalwa mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Kada mu ƙaryata shi ba bincike, kada kuma mu juya baya mu bar shi da allo. Mu jawo kujera mu zauna kusa da shi, mu tambayi harshen da ake magana da shi, mu nemi ganin littafin kalmominsa, mu saurari labarin daga bakinsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya tsare imaninsu daga abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.